Tambayoyin da iyaye ke yawan yi mana kan ɗaliban makarantarmu da yadda muke tsare su

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Waɗannan tambayoyin su ne ake ta maimaita mana, wasu a bakin ƙofa lokacin tashi wasu ta waya da daddare, shine muka ga gara mu tattara su waje guda mu amsa a tsanake. Wanda ya iya karatu dan Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wai ita makarantar nan ta boko ce, islamiyya ce, ko ta yaƙi da jahilci?

Gaskiya ba ɗaya daga cikin ukun bace cif-cif. Ƙaramar makaranta ce a cikin unguwa nan Kano da aka buɗe saboda yaran da lokacin shiga firamare ya wuce su, ko suka fara suka bari. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro a Najeriya, amma duk wanda ya fita titi da hantsi ranar Talata yaga yaran da ke yawo yasan akwai sauran aiki, UNICEF ma ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da basa zuwa makaranta kuma mafi yawansu nan Arewa suke. To yaro ɗan shekara 13 da bai taɓa riƙe fensir ba idan ka kai shi aji ɗaya ka zaunar dashi cikin 'yan shekara 6, kunya kaɗai ta isa ta kore shi kafin sati ya zagayo. Shi yasa muke bin manhajar karatun gaggawa da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara wadda ake kira ABEP, ta 'yan shekara 10 zuwa 18, an kasa ta mataki uku, na farko ya haɗe aji 1 zuwa 3 na firamare, na biyu aji 4 zuwa 6, na uku kuma ƙaramar sakandare. Burinmu yaro ya kamo sa'o'insa ya koma makarantar gwamnati, ko ya kama sana'a yana iya karanta rasit da lissafa canjinsa. Kuma abin ba baƙo bane a Kano, tun 1980 zamanin marigayi Abubakar Rimi aka kafa hukumar ilimin manya ta jiha saboda waɗanda karatu ya kuɓuce wa.

Su waye ɗaliban naku, 'ya'yan wa da wa ne?

Wannan ce tambayar da nafi so a yi min, don duk wata dokar tsaro da zaku gani a ƙasa daga nan ta samo asali.

Mafi yawansu 'yan mata ne. Akwai 'yan talla, masu awara da gyaɗa da kunun aya, waɗanda aka cire a aji huɗu ko biyar saboda babu kuɗin yunifom da littafi ko don su taya uwa raino. Akwai 'yan aikatau da aka kawo daga ƙauye suna wanke-wanke da shara a gidajen mutane, uwar ɗakin ta yi musu alfarmar awa biyu ko uku a rana, Allah ya saka wa irin waɗannan hajiyoyin da alheri don ba kowa ke yarda ba. Sai almajirai da malaminsu ya yarje musu, sun fi cika ranar Alhamis tunda tsangaya na hutu. Sai yaran gareji da masu tura baro a kasuwa, zaka gane su tun daga littafinsu don duk shafin da suka taɓa sai ya ɗauki baƙin mai. Akwai marayu, akwai ƙananan matan aure da zawarawa da basu kai ashirin ba. Sannan akwai waɗanda rikici ya koro, na Borno da Yobe tun shekarun Boko Haram, da na baya-bayan nan daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tayar.

Waɗannan na ƙarshen sai an yi haƙuri dasu sosai. Muna da yaron da idan iska ta bugo ƙofa da ƙarfi ko tayar mota ta fashe a titi kafin ka ƙifta ido ya shige ƙarƙashin benci yana rawar jiki, sai malama ta durƙusa ta yi ta kiran sunansa a hankali kafin ya fito. Duk yaron da ya yi masa dariya muna zaunar dashi mu yi masa bayani.

Abin da nake so iyaye su gane shine, yaron da ubansa ke sauke shi a mota ya dawo ya ɗauke shi, da yarinyar da ke aikatau iyayenta na can ƙauye basu ma san wace unguwa take ba, ba irin tsaro ɗaya suke buƙata ba. Da yawa cikin namu idan wani abu ya same su a hanya babu wanda zai yi cigiyarsu da wuri, sai dare ya yi ko ma sai washegari. Don haka mu ne masu cigiyar, kuma dole mu san kowa da sunansa da inda yake kwana da wanda ke riƙe dashi.

Sai Musulmi Bahaushe kuke ɗauka?

A'a. Akwai Fulani, akwai Barebari, akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Kiristoci. Da Hausa muke fara koyar da karatu tunda ita kowa ke ji, Turanci ya biyo baya. Ba a tilasta wa kowa darasin addinin da ba nasa ba, kuma gorin ƙabila ko addini laifi ne babba a wajenmu.

Malam, kuna haɗa maza da mata aji ɗaya? Kuma ya ake da manya da ƙanana?

Bama haɗawa. Mata da safe, maza bayan azahar, akwai tazara tsakani yadda waɗannan sun watse kafin waɗancan su iso. A cikin aji kuma matakin karatu ke haɗa su amma wajen zama muna lura da shekaru, ɗan shekara 10 baya zama benci ɗaya da ɗan 17, kuma ba a aiken babba ya raka ƙarami banɗaki. Wasu na ganin kamar mun cika tsanani, to cin zalin da babban yaro ke yi wa ƙarami a ɓoye yake faruwa, ƙaramin kuma baya faɗa, sai dai kawai kaga ya daina zuwa.

Matar aure ko mai goyo zata iya shiga?

Sosai ma, da yardar maigidanta, kuma mun fi so shi da kansa ya zo ya ga wajen ya san malaman. Ta zo da goyonta babu komai, akwai tabarma a gefe a inuwa nesa da ƙofa. Jaririn da ya fara rarrafe ne dai muke roƙon uwar ta sa masa ido saboda randar ruwa.

Almajirin da iyayensa basa gari wa zai tsaya masa?

Malaminsa na tsangaya, kuma sai mun je mun gaishe shi mun nemi izininsa, bama ɗaukar almajiri ta bayan malaminsa. Muna rubuta sunan garinsu da sunan mahaifi da lambar wani nasa idan akwai. Idan muka yi kwana biyu bamu ga yaro ba wani cikinmu zai taka har tsangayar ya tambaya. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da basa zuwa makaranta a 2023, muna fatan aikinta ya iso har lunguna irin namu.

Yaro mai lalura fa, gurgu ko kurma ko makaho?

Wanda ke da lalurar ƙafa muna ɗauka, azuzuwanmu duk a ƙasa suke kuma mun cike bakin ƙofa da siminti yadda keke zai shiga. Kurma da makaho kam bamu da malamin da ya ƙware, zalunci ne mu karɓe su mu ajiye su suna kallo, sai mu ba iyaye shawarar makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, idan da hali mu raka su.

Ɗana ya gagare ni, ya fara shaye-shaye, zaku riƙe min shi ku gyara shi?

Baba muna tausaya muku wallahi, amma nan ba gidan mari bane. Bama kulle yaro, bama kwana da yaro, babu sarƙa babu ɗakin horo. Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300 a gida guda, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da niyyar a gyara musu tarbiyya. Shaye-shaye ciwo ne da ke buƙatar likita, ku fara da asibiti. Idan ya fara samun sauƙi kuma shi da kansa yana son karatu, ƙofarmu a buɗe take, da sharaɗin ba zai shigo da komai ba kuma zamu riƙa magana daku duk sati.

Maganar satar ɗalibai ce ke hana ni barci. Wane tanadi kuka yi?

Duk wanda ya ce muku makarantarsa ta fi ƙarfin wannan bala'in bai faɗa muku gaskiya ba. Tun daga Chibok a watan Afrilun 2014 da aka kwashi 'yan mata 276, zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka tafi da yara maza sama da 300, Jangebe a Fabrairun 2021 da 'yan mata 279, har Kuriga a watan Maris na 2024, babu uwar da bata ji a jikinta ba. Da yawa cikin waɗannan makarantun kwana ne ko na gefen gari kusa da daji, mu kuma a tsakiyar unguwa muke cikin jama'a, wannan rahama ce. Amma na Tegina a jihar Neja shi ya fi tsaya min a rai, a watan Mayun 2021, islamiyya ce ta jeka-ka-dawo, da rana tsaka aka shiga aka kwashi ƙananan yara sama da ɗari suka yi kusan wata uku a daji. Tun daga nan babu mai cewa ai mu ƙanana ne ba wanda zai kula mu.

Abin da muke yi shine, babu kwana ko kaɗan. Ƙofar shiga ɗaya ce kuma da an fara darasi ake tura ta, akwai ta baya da ke ɓullewa lungu wadda ta gudu ce kawai. Maigadinmu ɗan unguwa ne da ya san fuskar kowa, baƙo ko waye sai ya tsaya a waje ya faɗi wajen wa ya zo an rubuta. Mai unguwa da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda mafi kusa da jami'an sibil difens duk sun san da zamanmu kuma lambobinsu na manne a bangon ofis tare da lambar kiran gaggawa ta 112, akwai waya guda da bata rabuwa da caji da kati. Ana kiran suna sau biyu, da shigowa da kuma kafin tashi. Idan gari ya ɗauki zafi, zanga-zanga ce ko faɗan daba ko wata jita-jita mai ƙarfi, rufewa muke ranar, asarar darasin kwana ɗaya bata kai ran yaro ba.

Muna kuma yin atisayen fita lokaci-lokaci, amma saboda yaran da na faɗa muku waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, bama yinsa ba zato, sai mun sanar tun da safe cewa yau gwaji ne, babu usur babu ihu.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya a 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taronta a Oktoban 2021, a shekarar ne kuma aka fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da hana cin zarafin ɗalibai. Mun karanta abin da ya shafe mu a ciki muna ɗaukar wanda ƙarfinmu ya kai.

Wa ke da ikon zuwa ya ɗauki yaro?

Wanda aka rubuta sunansa ranar rijista, shi kaɗai. Ko da kawu ne ko yaya, ko yaron ya ruga ya rungume shi, idan babu sunansa sai mun kira ku mun ji daga bakinku. Kuma dokar ta hau kan malamanmu da ni kaina, babu malamin da zai ce bari na sauke ta a gida tunda hanyata ce. Mutanen Kano basu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 ba da labarinta ya girgiza ƙasa a farkon 2022, wanda ya sace ta ya kashe ta mai makarantarsu ne, mutumin da ta sani ta yarda dashi, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a shekarar. Da ɗan gari akan ci gari. Shi yasa duk katangar da za a gina, idan ba a sa ido a kan na ciki ba an bar baya da ƙura.

To ya kuke tantance malaman?

Sai wanda aka san asalinsa, da mutum biyu masu mutunci da zasu tsaya masa, kuma muna tambaya a inda ya taɓa koyarwa me ya raba su. Bayan an ɗauke shi ma akwai ƙa'ida, malami baya keɓewa da ɗalibi a ɗaki a rufe, idan magana ce ta sirri a yi ta a tsakar gida inda ana hango su ba a jin su. Baya karɓar lambar ɗaliba, baya mata kyauta shi kaɗai, baya aikenta gidansa, baya ce mata ta tsaya bayan an tashi. Ajin mata kullum akwai malama a ciki. 'Yan aikatau da 'yan talla sun fi kowa shiga haɗari a nan don sun saba a ce musu zo su zo, basu saba a tambaye su ra'ayinsu ba, to muna koya musu a fili cewa akwai taɓawar da ba a yarda da ita ko daga waye, kuma wadda ta faɗa ba ita ce mai laifi ba.

Ana duka?

Ba a yi. Na san akwai iyayen da ke cewa Malam na baka wuƙa da nama ka zane shi, mun gode da amanar amma bama karɓar wannan ɓangaren. Da yawa cikin yaran nan bulala ce ta kore su daga makarantarsu ta farko, wasu kuma a gida ko wajen aiki suna shan wadda ta ishe su. Wanda ya yi laifi zai yi shara, ko ya zauna a ofis ya rubuta abin da ya yi, ko a kira wanda ke riƙe dashi. Malamin da ya ɗaga hannu ya mari yaro zai amsa tambaya a gaban kwamiti.

Gobara fa, da lafiyar ginin?

Wannan mutane basu cika tambaya ba, alhali a wajena ta fi kusa damu fiye da 'yan bindiga. A Yamai a watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana ta kashe ƙananan yara 20, a Nuwambar shekarar kuma aka sake yi a Maraɗi yara sama da 20 suka rasu. A Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025 almajirai 17 gobarar dare ta cinye a makarantarsu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abu ɗaya ke maimaita kansa, abin da ke saurin kamawa a kusa, yara da yawa a ƙuntataccen waje, hanyar fita kuma ɗaya.

Don haka ba a taɓa sa wa aji kwaɗo ta waje matuƙar da mutum a ciki. Kowane aji akwai taga guda da ƙarfenta ke buɗewa. Akwai bokitan yashi da tukunyar kashe gobara kuma manyan ɗalibai sun san yadda ake zare fil ɗinta. Janareto da fetur na can waje nesa da azuzuwa, ba a tara kara ko katako a jikin bango, lokacin hunturu kuma duk sanyin da ake bama yarda a shigo da kaskon wuta. Gininmu ba bene bane, kuma kafin damina muna kiran magini ya duba bango da rufi, tunda kowa ya ga yadda benen wata makaranta ya rufta a Jos a Yulin 2024 ana tsaka da karatu mutum 22 suka rasu.

Idan yaro ya kamu da rashin lafiya a makaranta?

Akwai akwatin taimakon gaggawa, auduga da bandeji da ruwan gishiri da sukari, amma bama allura bama rubuta magani, asibitin sha-ka-tafi na kusa muke kaiwa mu kira ku a hanya. Dan Allah ranar rijista ku faɗa mana gaskiya idan yaro na da sikila ko asma ko farfaɗiya, ba korarsa zamu yi ba, so muke mu san abin yi. Mai farfaɗiya idan ta tashi kwantar dashi ake ta gefe a kawar da abin da zai ji masa ciwo, ba a tura masa cokali a baki ba a ɗura masa ruwa, mun koya wa 'yan ajin haka don su daina gudu.

Muna tambayar katin rigakafi, musamman tun ɓarkewar mashaƙo ta 2023 da Kano ta fi kowace jiha shan wahalarta, wanda bashi da kati muna haɗa shi da ma'aikatan lafiya. Mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko amai da gudawa, ya zauna a gida a kai shi asibiti. Lokacin zafi kuma saboda sanƙarau bama cunkusa yara, wani darasin ma a inuwar tsakar gida ake yi. Banɗakin mata daban yake da sakata ta ciki, kuma akwai audugar mata a wajen malama ga wadda abin ya zo mata ba shiri.

Wani abin da ke sa yaro ya yanke jiki ya faɗi a aji ba ciwo bane, yunwa ce. Duk mai halin taimakawa da ko ɗan kunu ne da safe ya yi mana magana.

Hanyar zuwa da komawa fa?

Maza na tashi kafin magariba da sauran haske, ko darasi bai ƙare ba. 'Yan lungu ɗaya muna haɗa su su tafi a ayari, ƙananan da ke tsallaka titi kuma maigadi ko malami ke tsallakar dasu. Mun hana su hawa adaidaita sahun da babu kowa a ciki don mai shi ya ce zai rage musu hanya kyauta.

Kuna ɗora hotunan yara a Facebook don neman taimako?

Bama ɗora fuskar yaro sai da izinin mai riƙe dashi, kuma ko da izini bama haɗawa da suna da unguwa. Na waɗanda suka gudo daga rikici da na matan aure kam bama ɗorawa sam. Baƙon da ya kawo tallafi ma muna roƙonsa ya mayar da wayarsa aljihu, yaran nan ba kayan nuni bane. Littafin rijista a kulle yake a ofis.

Idan ina da ƙorafi wa zan samu?

Ku zo ofis kai tsaye, ko ku samu malamar da aka ware wa sauraron matsalolin ɗalibai. Idan ƙorafin a kan shugaban makarantar ne ko kuna jin nauyinmu, akwai kwamitin iyaye da mai unguwa ke ciki, ku kai musu ba sai kun biyo ta kanmu ba. Yara kuma akwai akwati a bayan ƙofar aji da suke jefa takarda ba suna, wanda bai iya rubutu ba tukuna ya raɗa wa malama.

Idan kuma abin ya kai ga lalata da yaro ko yarinya, a nan ko a gida ko a wajen aiki, bama shiga sulhun a rufa a yi shiru ko waye ya aikata. Jihar Kano ta samu dokar kare yara a 2023. Asibiti ake fara zuwa cikin gaggawa kafin kwana uku su cika, saboda maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 yake aiki, kar a yi wa yaron wanka kar a wanke kayan da ke jikinsa kafin likita ya duba, daga nan sai wajen 'yan sanda, kuma ɗaya daga cikinmu zai raka ku.